Daga Kiyako Zuwa Anka: Abin Da Garuruwan Zinariya Suka Koya Mana

Matafiyin da ya tashi daga Kiyako ya nufi yamma, zai bi ta Birnin Kudu da Wudil ya shiga Kano. Daga nan sai Gwarzo, Malumfashi da Funtuwa, ƙasar auduga da masara, har ya ratsa Tsafe ya sauka Gusau. Duk tsawon wannan hanya gonaki ne dama da hagu. Sai an wuce Bunguɗu an doshi Maru da Anka ake shiga ƙasar da zinariya ta sauya wa tarihi.

Turawan mulkin mallaka sun fara haƙar zinariya a Nijeriya wajejen 1913, amma rububin gaske ya zo ne bayan 1931, lokacin da Ingila ta daina ɗaure darajar fam da zinariya, farashinta ya ɗaga. Nan da nan masu neman arziki suka bazu a Birnin Gwari, da yankin Minna, da ƙasar Zamfara. Lebarori suka bar gonaki suka tare a sansanonin haƙa, kasuwanni suka ci. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, hankalin gwamnati ya koma kan kuzar Jos, wadda yaƙin ke buƙata. Aka watse, aka bar ramuka.

Maru ta ga zamanin nan, amma abin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne Kwalejin Horon Malamai, inda Malam Aminu Kano ya koyar a ƙarshen shekarun 1940. Ramukan sun cike, ɗaliban kuwa sun yi ta raya makarantun Arewa shekara da shekaru.

Rububi na biyu ya taso da farashin zinariya ya sake hauhawa bayan 2008. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Bagega da 'Yargalma, magidanta suka riƙa kawo dutsen cikin gida ana dakawa ana niƙawa. Ashe dutsen na ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurarta ta bi tsakar gida da abinci, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano annobar, wadda ta ci rayukan yara fiye da 400. A 2015 irin wannan masifa ta auku a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Daga baya 'yan bindiga suka addabi yankin, har Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara a watan Afrilu 2019, ba a ɗage hanin ba sai Disamba 2024.

Ya ku 'yan'uwa, wannan tarihi ya shafe mu, domin duk rani matasa na barin ƙauyukanmu da labarin wani rami a bakinsu. Zinariya ba haramun ba ce, amma garin da ya dogara da ita kaɗai yana tashi ne ranar da ta ƙare. Kwaɗayi, in ji magabata, mabuɗin wahala ne. Ya kamata ƙungiyarmu ta ƙarfafa noman rani da koyon sana'a, ta yadda saurayi zai sami abin da zai riƙe shi a gida. Wanda kuma ya ƙudura sai ya tafi, a gargaɗe shi kada ya kusantar da dutsen nan inda 'ya'yansa ke wasa.

Allah Ya albarkaci ƙasarmu da zuriyarmu, amin.