Karen jagoran makafi

Karen jagora shi ne wanda aka horar don ya riƙa yi wa makaho ja-gaba. A 1916 aka buɗe makarantar farko ta horar da irinsa a birnin Oldenburg na Jamus, saboda sojojin da yaƙi ya makantar.

A Faransa, iyalai ƴan sa kai ke karɓar ɗan kwikwiyo yana wata biyu, su raine shi kusan shekara guda har ya saba da hayaniyar titi. Daga nan ƙwararru su ƙarasa horon, a ba makaho kyauta.

A Damagaram kuwa, aikin kare farauta ne da gadi. Yaro ke ja wa makaho sanda, kuma sau da yawa jagorancin kan hana shi zuwa makaranta.