Daga Zaren Lilo zuwa Gangaren Gurara: Auna Ƙarfin Jan Ƙasa a Yankin Abuja

Tsakure

Wannan maƙala ta nuna cewa adadi guda, wato ƙarfin jan ƙasa da ake wa alama da g, shi ke tafiyar da kai-komon lilo da faɗuwar ruwa. An lissafa ƙimarsa a Abuja, sannan aka gwada ta a kan gangaren ruwa na Gurara.

Gabatarwa

Galileo ne ya lura cewa lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo ya dogara ga tsawon zarensa, nauyin abin da aka rataya ba ya sauya shi. A kan haka Huygens ya ƙera agogon lilo a 1656. A 1672 kuma Jean Richer ya ga agogonsa na jinkirin kusan minti biyu da rabi kowace rana a Cayenne, kusa da layin tsakiyar duniya (ikwaita), alhali a Faris daidai yake tafiya. Ashe g na sauyawa: kimanin 9.78 m/s² ne a layin tsakiyar duniya, 9.83 a ƙuryoyinta. To, nawa ne a Abuja?

Hanyar Bincike

An yi amfani da ƙa'idoji uku: T = 2π√(L/g) ga lilon da bai buɗe fiye da digiri 10 ba, t = √(2h/g) ga lokacin faɗuwa, da v = √(2gh) ga gudun ruwa, inda T ke nufin lokacin kai-komo, L tsawon zare, h kuma tsayin faɗuwa. An ajiye turjiyar iska gefe.

Sakamako

Abuja na kan digiri 9 arewa da layin tsakiyar duniya, don haka g ɗinta kusan 9.78 ne. Lilo mai zaren mita 1 zai je ya dawo cikin daƙiƙa 2.01, sau 50 kuwa daƙiƙa 100.5. Da g ya kai 10 kamar yadda ake ɗauka a aji, da daƙiƙa 99.3 za a samu. Agogon wayar hannu ya isa ya kama wannan tazara.

Gangaren Gurara da ke Jihar Neja, kan hanyar Suleja zuwa Minna, tsayinsa kimanin mita 30 ne. Ruwan da ya zubo daga bakinsa ba tare da karo da dutse ba, zai sauka cikin daƙiƙa 2.5, da gudun mita 24 a daƙiƙa, kusan kilomita 87 a sa'a. Kowace lita 1,000 da ta sauko a daƙiƙa na ɗauke da kilowat 293.

Tattaunawa

Ruwan Gurara yakan bugi duwatsu ya watse, iska kuma ta rage masa gudu, saboda haka waɗannan alƙaluma iyaka ce ta sama. Amma lissafin bai tsaya a nan ba. Da shi ake ƙiyasta wutar madatsar Shiroro mai megawat 600, jan ƙasa ne kuma dalilin da ya sa magidanci a Kubwa ke ɗora tankinsa a kan hasumiya domin famfo ya yi ƙarfi.

Kammalawa

Zare da tsakuwa da agogon waya sun wadatar ɗalibi ya auna g da hannunsa. Muna kira ga malaman kimiyya a makarantun Abuja, da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali, su sa ɗalibai su fara aunawa kafin a ba su adadi su haddace.