Bangalo: Ƙaramin Gidan da Aka Yi wa Dogon Tunani

A shekarar 1908 kamfanin Sears, Roebuck na birnin Shikago, wanda ya riga ya yi suna wajen sayar da agogo da keken ɗinki da tufafi ta gidan waya, ya fitar da wani littafin talla na daban. Gidaje ne a cikinsa. Mutum zai duba hotuna da taswirar ɗakuna, ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, ya aika da kuɗi, bayan 'yan makonni a aiko masa da gidansa cikin taragon jirgin ƙasa: katako da ƙusa da ƙofofi da tagogi da fenti da kayan rufi, tare da littafin da ke bayanin yadda za a harhaɗa su. Daga 1916 har yanka katakon ake yi tun daga masana'anta, a buga wa kowane guntu lamba. Kafin a daina wannan ciniki a wajajen 1940, an sayar da gidaje kimanin 70,000. Ba Sears ne ya fara ba, kamfanin Aladdin na jihar Mishigan ya riga shi da shekara biyu, amma sunan Sears ne ya zauna a bakin mutane.

Da yawa daga cikin gidajen nan suna nan tsaye, ana kwana a cikinsu. Kuma mafi farin jinin samfurin da ke cikin littattafan tallan shi ne wanda ake kira bangalo: gida maras bene ko mai rabin bene, gajere, mai faɗin rufi, da baranda a gabansa. Wanda ya bi ta tsofaffin unguwannin gefen Shikago ko Los Angeles zai ga layi bayan layi na irinsa, yana iya wucewa bai ɗaga kai ba. To amma ya cancanci a tsaya a dube shi, domin da wuya a sami wani lokaci kafin wannan da aka zauna aka yi wa gidan ɗan albashi irin tunanin da a da sai gidan attajiri ake yi wa.

Sunan ba na Amurka ba ne. Daga Bangal ya fito, a gabashin Indiya, inda kalmar take nufin gida irin na mutanen Bangal: bukkar manomi mai rufin ciyawa wanda ya zarce bango ya ba da inuwa. Turawan Ingila da suka je can fatauci, daga baya mulki, suka ɗauki wannan tsari suka faɗaɗa shi, suka kewaye shi da rumfa don gudun zafi. Kalmar baranda ma da muke faɗa ba tare da tunanin komai ba, ta wannan hanya ta biyo: Turanci ya ɗauko ta daga Indiya, mu kuma muka karɓa daga bakin Bature. A wajajen 1870 aka fara gina irin gidan a Ingila, a gaɓar tekun Kent, don masu kuɗi su je shan iska. Da ya ƙetara Amurka sai ya sauya ma'ana. Gidan hutun mai hali ya koma gidan zaman akawu da malamin makaranta da ma'aikacin reluwe.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne taragon lantarki. A 1888 wani injiniya mai suna Frank Sprague ya kafa layin taragon da ke tafiya da lantarki a titunan birnin Richmond, cikin 'yan shekaru kusan kowane babban birni ya kwaikwaya. Kafin nan, ma'aikaci dole ya zauna inda ƙafarsa za ta kai shi wurin aiki, cikin hayaƙi da cunkoso da haya mai tsada. Da tarago ya zo, sai gonakin da ke nesa da gari suka zama filayen gini. Sau da yawa ma masu sayar da filayen su ne masu shimfiɗa layin. Wannan ne ya tsara siffar unguwannin: tunda kowa a ƙafa zai taka zuwa tasha, dole a matse fulotai, shi ya sa suke sirara ta gaba, dogaye ta baya. A Shikago faɗin fuloti bai cika wuce ƙafa 30 ba, tsawonsa kuwa kimanin ƙafa 125. Kantuna suka jeru a bakin layin tarago, gidaje suka shiga titunan ciki.

Salon ginin kuwa daga wata fahimta ya samo tushe. A Ingila ta ƙarni na 19, John Ruskin da William Morris sun yi ta sukar kayan masana'anta da adon ƙarya, suna kira da a koma ga aikin hannu da nuna kowane abu a yadda yake: katako ya fito a katakonsa, dutse a dutsensa. A Amurka wani mai ƙera kujeru, Gustav Stickley, ya ɗauki wannan kira, ya kafa mujallar The Craftsman a 1901, yana buga zanen gidaje a cikinta har zuwa 1916. Ƙololuwar salon ita ce Gidan Gamble da ke Pasadena a Kalifoniya, wanda 'yan'uwa biyu masu zanen gini, Charles da Henry Greene, suka zana a 1908 don iyalin da ke cikin mamallaka kamfanin sabulu na Procter & Gamble. Kowace mahaɗar katako a gidan an bar ta a fili, an goge ta sumul, har ana ganin tasirin ginin Japan a yadda rufin ya miƙe.

Sai dai Gidan Gamble na mai dukiya ne, kuma a nan ne abin mamakin yake. Aƙidar da aka kafa don adawa da inji ba ta isa ga talaka ba sai da inji ya ɗauke ta. Zarton masana'anta ne ya yanka katakon, jirgin ƙasa ya kai shi, littafin talla ya koya wa mutane sonsa. Da Morris ya ga gidan Sears, mai yiwuwa da ya kau da kai. A ganina bai kamata ba. Mutumin da ya karɓi katako dubbai a tasha, ya tara 'yan'uwa da maƙwabta ko ya ɗauki kafintan unguwa suka kafa gidan da hannunsu, ya fi kusa da abin da Morris yake wa'azi a kai fiye da attajirin da ya biya aka yi masa.

Yanzu mu tsaya a gaban ɗaya daga cikinsu. Abu na farko da ido zai kama shi ne rufi: ba shi da tsini, yana da faɗi, ya zarce bango sosai, kuma an bar kawunan katakon da ke ɗauke da shi suna leƙowa maimakon a rufe su. Gidan kamar ya durƙusa ne ya kama ƙasa. Ginshiƙan baranda masu kauri ne daga ƙasa, suna sirancewa zuwa sama, sun hau kan tubalin dutse ko jan bulo. Barandar kanta ba ado ba ce. A lokacin babu na'urar sanyaya ɗaki, babu talabijin, don haka da yamma nan iyali ke fitowa, mai wucewa ya yi gaisuwa, a ga wanda ya sauko daga tarago. Aikin da dakali ke yi a ƙofar gidan Bahaushe ke nan, da bambanci ɗaya: a can har mata da yara ake zama.

Ciki ya fi ban sha'awa. Gidan masu hali na zamanin Sarauniya Victoria cike yake da ƙananan ɗakuna masu ƙofofi, da falon baƙi da ba a shiga sai ranar biki, da matakalar bayi ta baya. Bangalo ya share duk wannan. Da ka buɗe ƙofa ka faɗa falo, babu wani abu mai kama da zaure da zai tare baƙo. Wanda ya taso a gidan da baƙo namiji ba ya wuce soro zai ji abin bambaraƙwai, amma da gangan aka yi: fili ya yi tsada, ba a son ɓata ko taku ɗaya a kan lungu. Falo ya buɗe zuwa ɗakin cin abinci ta wata faffaɗar kafa, ba ƙyaure, sai 'yan kabad na littattafai a gefe biyu. Murhun ɗumama ɗaki ne tsakiyar falon. Kabad ɗin kwanuka da bencin zama a gindin taga duk a jikin bango aka gina su, saboda sabon magidanci ba ya da kuɗin cika gida da kaya.

Kicin kuwa shi ne ya fi nuna sauyin zamani. 'Yan aikin gida sun yi ƙaranci, domin 'yan mata sun gwammace masana'anta da ofis, kuma mai albashi ba zai iya biya ba ko da ya samu. Uwargida ce za ta yi komai da kanta. Shi ya sa kicin ya ƙanƙance, aka kusanto da murhu da wurin wanke-wanke da teburin aiki, har marubuta irin su Christine Frederick suka riƙa ƙirga takun da mace ke yi tsakaninsu don a rage. Kuɗin da aka tsimi daga rage girman gida ya tafi ga abin da ba a gani: famfo, banɗaki na cikin gida, wayar lantarki, tukunyar ɗumama ɗakuna. Ga iyalai da yawa wannan ne gida na farko da suka kunna fitila da maɓalli.

Shikago ta yi nata samfurin. Bayan babbar gobarar 1871 dokokin gini sun tsananta a kan katako, sai aka yi bangalo da jan bulo: mai kyau a fuska, mai araha a gefe da baya inda ba kowa ke gani ba, da 'yar ƙawar farin dutse, da jerin tagogi masu gilashin launi a gaba. Tsakanin 1910 da 1940 an gina kimanin 80,000, suka yi wa birnin ƙawanya kamar jinjirin wata. Yawancin masu su 'yan ci-rani ne daga Poland da Jamus da Italiya da Ireland, ko 'ya'yansu.

Ba kowa aka bari ya shiga ba. A daidai shekarun da baƙaƙen fata ke ƙaura da yawa daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa, aka riƙa rubuta sharaɗi a takardun filaye cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, wani wurin har da Bayahude da mutumin Asiya. Kotun Ƙoli ta soke raba unguwanni da dokar hukuma a 1917, amma a 1926 ta bar irin waɗannan yarjejeniyoyi na masu gidaje suka ci gaba, ba a hana kotuna tilasta su ba sai a 1948. Iyalin marubuciya Lorraine Hansberry sun sayi gida a unguwar farare a Shikago a 1937, aka jefe su, shari'arsu ta kai har Kotun Ƙoli. Tunda gida shi ne babbar dukiyar da ma'aikaci ke bar wa 'ya'yansa, hanin bai tsaya kan waɗanda aka yi wa ba. Barandar da ke gayyatar maƙwabci an riga an tace wanda zai zama maƙwabcin.

Wannan fuska ta bangalo mu ma mun san ta, ta wata ƙofa. Reshen da ya baro Indiya bai tsaya a Ingila ba, ya biyo jami'an mulkin mallaka zuwa Kaduna da Zariya da Nasarawar Kano. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Lugard, ta keɓe wa Turawa unguwanninsu, aka ware su da fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a ciki, da hujjar gudun sauro. Su ne GRA na yau. Kaka ɗaya ne da na Pasadena, da rufi mai inuwa da baranda, sai dai namu yana tsakiyar makeken fili, da ɗakunan boyi-boyi a baya. Na Amurka an zana shi ne don gidan da babu bara, namu kuwa ba ya tafiya sai da kuku da boyi da mai gadi.

Zamanin bangalo ya ƙare da karyewar tattalin arziki ta 1929. Sears, wanda yake ba masu saye bashin gina gida, ya tafka asara ya daina ba da bashin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mota ta kori tarago, fulotai suka faɗaɗa, gareji ya dawo gaban gida, zaman yamma ya koma bayan gida ko gaban talabijin. Shekaru da dama ana kallon bangalo a matsayin gidan tsofaffi, ana lulluɓe katakonsa da fenti, ana toshe barandarsa a mai da ita ɗaki. Sai a 1989 birnin Pasadena ya ayyana wata unguwa mai irin gidajen fiye da 800 a matsayin wurin tarihi, Shikago kuma ta kafa shirin kula da nata a 2000. Barazanar yau ba talauci ba ce, tsadar fili ce: a rushe ƙaramin gida a cika fulotin da babba, ko a sare rufin a ɗora bene mai siffar akwati. Wanda ya ga yadda ake yanka filayen GRA ana sare itatuwan da suka haura shekara saba'in ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Game da gidajen Sears kuwa, kamfanin bai adana takardun cinikinsa ba, don haka babu cikakken jerin inda suke. A garin Carlinville na jihar Illinois an san su, domin kamfanin mai na Standard Oil ya sayi fiye da 150 a 1918 don ma'aikatan haƙar kwal, kuma mafi yawansu suna nan. A sauran wurare sai an bincika. Masu sha'awar abin sukan nemi izinin mai gida, su sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da tocila, suna haska katakon da ke ɗauke da daɓe, suna neman harafi ɗaya da lamba uku da aka buga a masana'anta shekara ɗari da suka wuce.