Barbara Jordan: Daga Aikin Lauya Zuwa Majalisar Jihar Texas

Wannan maƙala za ta bi diddigin rayuwar Barbara Jordan, lauya baƙar fata da ta zama 'yar majalisar jiha a Amurka, tare da nuna inda aikinta ya taɓa sha'anin harshe.

An haife ta ran 21 ga Fabrairu, 1936, a birnin Houston na Jihar Texas, zamanin da doka ta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Ta sami digiri a Jami'ar Texas Southern a 1956, inda ta yi fice wajen muhawara, sannan ta kammala karatun shari'a a Jami'ar Boston a 1959. Da ta komo Houston a 1960, a gidan iyayenta ta fara karɓar masu neman lauya.

Sau biyu ta tsaya takarar Majalisar Wakilan Jiha, a 1962 da 1964, sau biyu ta sha kaye. Dalilin kuwa shi ne, a lokacin gundumar Harris kan zaɓi wakilanta ne a dunƙule, don haka ƙuri'un unguwannin baƙar fata sai su nutse cikin na masu rinjaye. Sai da kotuna suka tilasta sake shata mazaɓu, sannan ta ci kujerar Majalisar Dattawan Jiha a 1966. Rabon da baƙar fata ya zauna a wannan majalisa tun 1883, kuma cikin 'yan majalisa 31 ita kaɗai ce mace. Ba ta shiga da faɗa ba. Ta laƙanci ƙa'idojin zama, ta ja dattawan farare a jiki, har wasu suka zarge ta da sassauci. A ganinmu zargin bai yi mata adalci ba, domin da wannan dabara ce aka samar da dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a jihar.

A 1972 aka zaɓe ta zuwa Majalisar Wakilan Tarayya. An fi tunawa da jawabinta na 1974 kan tsige Shugaba Nixon, amma abin da ya fi shafar manazarta harshe shi ne aikinta na 1975. Kafin lokacin, da Ingilishi aka saba buga takardun zaɓe a Texas, alhali ɗimbin 'yan ƙasa masu asalin Meziko Sifaniyanci suka fi ji. Jordan ta gabatar da ƙudurin faɗaɗa Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965 domin ta haɗa da su, duk da adawar manyan jami'an jiharta. Gyaran da aka zartar ya wajabta samar da takardun zaɓe cikin harshen tsiraru a yankunan da masu magana da shi suka haura kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka isa jefa ƙuri'a.

Ta bar majalisa a 1979, ta koma koyarwa a Jami'ar Texas da ke Austin, inda ta rasu ran 17 ga Janairu, 1996.