Daga kaset zuwa ordinater: yadda muke aje hoton tele

Jama'a masu saurarenmu, mu ɗan waiwaya baya. Télé Sahel ta fara aiki a 1979, kuma a lokacin, abin da ya wuce a tele ya wuce ke nan. Daga baya masu hali suka sayi manyetoskop, suna ɗaukar kokowar takobi a kaset VHS. Ina kaset ɗin nan yau? Zafi da ƙura sun cinye da yawansu.

Da parabol ta shigo gidajenmu, sai matasa suka samu dabara: a sa wa ordinater katin kama tauraron ɗan adam, a jona masa wayar parabol. Katin farko DVB-S ne. Yawancin tashoshin HD kuwa sai da DVB-S2, wanda ya fito a 2005. Ordinater na aje hoton yadda ya sauko, ba ya dishewa kamar na kaset. Amma fa tashoshin da ba a kulle ba yake ɗauka, kuma wasan ƙwallo guda na cin giga da yawa.

Sai dai diski ma yakan mutu rana ɗaya, ba sallama. Duk wanda ya ɗauki wasannin Mena na CAN 2012, don Allah ya kwafe su wuri biyu tun yau, yaranmu su samu gani.