Kukan kwaɗin bishiya: yadda mace ke zaɓen miji a gonakin Kura da Bunkure

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da gonakin shinkafa na Kura ko Bunkure a jihar Kano cikin watan Agusta, ya san cewa da zarar an idar da sallar magariba, kwaɗi ne ke karɓe filin.

Mutane da dama na ɗaukar wannan kuka a matsayin murnar samun ruwa. Sai dai masana halittu sun ce gasa ce ta neman mata: maza ne ke kukan, mata kuma na saurare daga cikin ciyawa kafin su yanke shawara.

Yankin dai na cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a shekarar 1974, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Magudanan ruwa da kududdufai da kachalar da ke tsirowa a bakinsu, su ne irin wuraren da ƙananan kwaɗi masu hawa ganye ke taruwa.

Su wane ne masu kukan?

Kwaɗon bishiya ya bambanta da burduddugi, babban kwaɗon nan da ake kamawa a busar. Shi ƙarami ne, kuma a ƙarshen kowane yatsansa akwai wani faifai mai danƙo da ke ba shi damar manne wa ganye ko kara. Sunan ma yana iya ruɗar mutum, domin a ƙasa irin ta Kano, an fi samunsa a kan ciyawa da shuka fiye da kan bishiya.

Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Arne Schiøtz, ya wallafa littafi a kan kwaɗin bishiya na Afirka ta Yamma a 1967, inda ya yi amfani da muryoyinsu wajen rarrabe su, saboda kowane jinsi da irin kukansa.

Daga cikin waɗanda ke rayuwa a filayen ciyawa na yankin, har da arewacin Najeriya, akwai wanda masana ke kira Hyperolius nitidulus. Tsawonsa kimanin santimita 3 ne, kukansa kuma gajere ne mai kaifi, kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Akwai Kassina, mai murya kamar ɗigon ruwa a cikin randa. Akwai kuma Afrixalus, wanda ke naɗe ganye ya liƙe ƙwansa a ciki.

Dandalin samari

Charles Darwin ne, a littafinsa na 1871, ya bayyana cewa baya ga gwagwarmayar neman abinci da tsira daga maƙiya, akwai wata gwagwarmayar ta samun abokin haihuwa. Dabbar da ta yi tsawon rai amma ba ta haihu ba, irinta ya ƙare da ita.

A wajen kwaɗin bishiya, abin ya yi kama da dandali. Maza na taruwa a wuri guda, kowa ya kama ganyensa, ya kumbura jakar da ke maƙogwaronsa ya shiga kira. Mace ba ta zuwa sai daren da ƙwanta ya nuna. Idan ta zaɓi wanda take so, sai ta matsa kusa da shi, ya hau bayanta ya riƙe ta, su nufi ruwa. Tana zuba ƙwai, shi kuma yana zuba maniyyi a kai.

Namijin ba ya ciyar da ita, ba ya renon 'ya'ya. Abin da kawai take samu daga gare shi shi ne iri. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna tambayar ko mene ne take saurare a muryar.

Wani bincike da Allison Welch da abokan aikinta suka wallafa a 1998 a Amurka ya ba da wani ɓangare na amsar. Sun raba ƙwan kowace mace gida biyu, rabi aka haɗa shi da irin namiji mai dogon kira, rabi kuma da na mai gajeren kira. A duk inda aka ga bambanci, 'ya'yan mai dogon kira ne suka fi saurin girma ko ƙwari, alhali uwarsu ɗaya.

Dogon kira ba abu ne da kowa zai iya ba. A 1985, Theodore Taigen da Kentwood Wells sun auna iskar da irin wannan kwaɗo ke shaƙa, suka gano cewa a lokacin da yake tsananta kira, yana amfani da kusan ninki 20 na abin da yake buƙata idan yana hutawa. Rago ko mai ciwo ba zai jure ba, don haka da wuya a yi wa mace ƙarya da murya.

Naci ya fi girman jiki

To amma abin da ke faruwa a ɗakin gwaji daban, abin da ke faruwa a fadama daban.

A Afirka ta Kudu, Miranda Dyson da Neville Passmore sun yi shekaru suna nazarin Hyperolius marmoratus, ɗan uwa na kusa ga wanda ake samu a Afirka ta Yamma. Idan aka kunna wa mace muryoyi biyu kawai a lasifika, takan nufi mai kauri, wadda alama ce ta babban namiji. Amma da muryoyin suka yawaita, sai wannan fifiko ya raunana. A cikin hayaniya, mace kan bi muryar da ta fi kusa da ita, ko wadda ta riga sauran fita.

Abin da ya fi nuna wanda zai samu mace shi ne yawan dararen da ya halarci dandalin. An samu irin wannan sakamako a Jamus a 2005, inda Thomas Friedl da Georg Klump suka ga cewa a wajen kwaɗon bishiya na Turai, yawan zuwa ne ke da tasiri, ba girman jiki ba.

Wasu na iya cewa ai wannan sa'a ce kawai, tun da mai yawan zuwa kasuwa shi ke yawan haɗuwa da ciniki. Sai dai kuma kwana da kwanaki ana kira, cikin yunwa da barazanar maciji, ita kanta jarrabawa ce. Macen da ta ɗauki duk wanda ta tarar, ta fi yiwuwa ta tarar da mai juriya.

Haɗarin kuma ba ƙarami ba ne. A Panama, Merlin Tuttle da Michael Ryan sun nuna a 1981 cewa akwai jemage da ke bin kukan kwaɗi ya cafke su. Salon kukan da ya fi jan hankalin mata, shi ne ya fi jan hankalin jemagen.

Akwai kuma 'yan kwanton ɓauna. A wasu jinsunan, namiji kan yi shiru kusa da mai kira, idan mace ta taho sai ya tare ta a hanya. Wani jinsin na kudancin Afirka, mai yin sheƙar kumfa a reshen da ke saman ruwa, ya ɗauki wata hanyar: maza da yawa ne ke haɗuwa a kan ƙwan mace guda.

Damina guda ce damarsa

Binciken da masana daga Jamus suka yi a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa ya nuna cewa manyan Hyperolius nitidulus ba kasafai suke tsallake rani ba. Ke nan yawancin maza damina ɗaya ce ke gabansu, wanda bai samu mace a cikinta ba, shi ke nan.

Ƙananan da suka fito daga talibambam a ƙarshen damina su ne ke riƙe da irin. Sukan manne a jikin busasshiyar ciyawa tsawon watanni, fatarsu ta koma fara fat domin mayar da hasken rana. Waɗanda suka fito da wuri kuwa, kan balaga su haihu a cikin daminar.

Wannan ne ya sa yadda ake tafiyar da ruwa da ciyawa a wurare irin su Kadawa ke da muhimmanci. Kududdufin da ya ƙafe kafin talibambam ya fitar da ƙafafu, ya tafi da wahalar dararen kira gaba ɗaya. Haka nan gwaje-gwaje a wasu ƙasashe sun nuna cewa ƙarar motoci na rage wa mace iya gane inda kira ke fitowa.

Batun maganin feshi ya fi jawo gardama. Tyrone Hayes na Jami'ar California ya ba da rahoto a 2010 cewa atrazine, wani maganin kashe ciyawa da ake amfani da shi a gonakin masara, ya rage wa mazan wani jinsin kwaɗon Afirka ƙarfin haihuwa, har kimanin kashi 10 cikin 100 suka rikiɗe zuwa mata. Kamfanin da ke yin maganin ya musanta sakamakon. Tarayyar Turai dai ta janye izinin amfani da shi tun a 2004.

Manomi yana da rabo a cikin lamarin, domin ƙwari ne abincin waɗannan kwaɗi. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu a duniya na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma faɗaɗa gonaki ne kan gaba a cikin dalilan.