Kiɗan rok da gangunan Afrika: labarin Baturen da ya ratsa Sahara don neman kiɗa

Duk wanda ya kalli 'Teesri Manzil', fim ɗin Indiya na 1966, ba zai manta da Shammi Kapoor ba, inda ya fito a matsayin Rocky, makaɗin otal, zaune a bayan tarin ganguna ya na dukan su kamar ya na bin su bashi. Irin wannan kiɗan na Turawa, wato rok, an daɗe ana gardama a kan sa. Wasu na cewa hayaniya ce kurum: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a koma farko, har waƙa ta ƙare. Su kan ce in ka ajiye shi kusa da tabla ɗin Indiya, ko jaz, ko kalangun mu na gida, ai sai ya ji kunya. Wai shin haka ne?

Mu fara da kayan kiɗan. Wannan tarin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu bai daɗe a duniya ba. A da, a badujalar soja, kowace ganga da mai ita. Da aka koma yin wasa a ƙananan gidajen rawa na Amurka, ga ƙarancin wuri ga tsadar biyan mutum uku, sai aka ɗora wa mutum ɗaya aikin. A 1909 William Ludwig na Chicago ya fito da matakin da ake dukan babbar ganga da ƙafa, wanda ya samu karɓuwa. Ka ga ashe tsimin kuɗi na daga cikin abin da ya haifi kayan.

Shi kuwa bugun, tushen sa na wurin baƙar fatar Amurka. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumar South Carolina ta yi doka a 1740 ta haramta wa bayi ganga, don tsoron kada su riƙa kiran juna da ita. Da aka raba mutane da ganga sai su ka koma ga tafi da buga ƙafa, musamman a wuraren ibadar su. A birnin New Orleans ne abin ya ɗan sha bamban, domin a can an bar bayi su na taruwa ran Lahadi a dandalin Congo Square su yi kiɗa da rawa. A wannan birnin dai, a Disambar 1949, wani makaɗi mai suna Earl Palmer ya yi wa Fats Domino kiɗan 'The Fat Man', ya na sauke duka mai nauyi a kan bugu na biyu da na huɗu. Ana lissafa faifan cikin na farko-farko da su ka kafa salon. Shi ne kuma ya kaɗa wa Little Richard 'Tutti Frutti' a 1955. Wannan dukan na biyu da huɗu shi ne ƙashin bayan rok har gobe.

To a nan masu suka ke da gaskiyar su. A tabla akwai zagaye mai bugu 16 da ake kira tintal, akwai mai 10, akwai mai 7, kuma makaɗi kan yi nisa da lissafi sannan ya dawo daidai kan bugun farko. (Kodayake, a faɗi gaskiya, yawancin waƙoƙin finafinan Indiya da mu ke so ba su wuce mai 8 ko mai 6 ba.) A wurin mu kuma, ka saurari makaɗan Mamman Shata: kuntuku ya riƙe amo guda bai sauka, kalangai na kai-komo a kai, wani na matse igiya ganga ta yi magana. A rok babu gangar da ke magana. Idan yawan saƙa ake nema, rok ya sha kaye tun kafin a shiga fili.

Wanda ya fi kowa jin zafin wannan magana a cikin 'yan rok ɗin kan su shi ne Ginger Baker, Bature mai jan gashi da zafin kai, haifaffen Landan a 1939. Shi bai ma yarda a kira shi ɗan rok ba, ɗan jaz ya ke ɗaukar kan sa. Ubangidan sa a kiɗa, Phil Seamen, shi ya fara kunna masa faya-fayan gangunan Afrika, abin ya shige shi. Da ya kafa ƙungiyar Cream tare da Eric Clapton da Jack Bruce a 1966, sai ya riƙa kauce wa hanyar da kowa ke bi. A 'Sunshine of Your Love' ya juya bugun, ya ɗora nauyi a kan ɗaya da uku. Cream ta watse a 1968.

A 1971 Baker ya hau mota ƙirar Range Rover, ya bi ta Aljeriya, ya ratsa Sahara, har ya iso Nijeriya. Darakta Tony Palmer ya ɗauki tafiyar a fim mai suna 'Ginger Baker in Africa'. Wurin tsohon abokin sa ya nufa, Fela Kuti, wanda su ka san juna tun Fela na karatun kiɗa a Landan. A shekarar ne su ka fitar da faifan 'Live!' tare da ƙungiyar Africa 70. A 1973 ya buɗe situdiyo mai suna ARC a Ikeja, kuma da Paul McCartney ya zo Legas a wannan shekarar don ɗaukar 'Band on the Run', a nan aka yi wani ɓangare na aikin. Situdiyon bai yi tsawon rai ba. Abin da Baker ya tsira da shi daga Nijeriya, bayan kiɗa, shi ne son wasan folo, wanda ya ci masa dukiya daga baya.

A ƙungiyar Fela ya tarar da Tony Allen, ɗan Legas, haifaffen 1940, mutumin da Fela da bakin sa ya nuna cewa ba don shi ba da babu Afrobit. Allen kishiyar Baker ne ta kowace fuska. Bai duka da ƙarfi, bai zufa, ka ce shayi ya ke sha. Amma kowace gaɓa ta jikin sa da nata zancen: ƙafar dama na bugun biyu-biyu a jere, ƙafar hagu na buɗe faya-fayan ƙarfen nan biyu ta na rufewa, hannu na yayyafa ƙananan duka a inda kunne bai zata ba. Aikin mutum huɗu a kujera ɗaya. Abin lura, kayan kiɗan su iri ɗaya ne da na 'yan rok, kuma shi ma Allen galibi cikin zagayen huɗun nan ya ke. Kenan laifin ba na kayan ba ne, ba kuma na lissafin huɗu ba.

A gani na, inda masu suka su ka yi tuntuɓe shi ne auna rok da mudun da ba nasa ba. Makaɗin rok na fama da jita mai lantarki a gaban dubban mutane; ƙananan dukan Allen ɓacewa za su yi a wannan ƙara. Don haka gwanintar ta koma wani wuri: nauyin duka, da jinkirta shi da ƙiftawar ido, da amon ɗakin da aka ɗauka. John Bonham na Led Zeppelin ya kafa gangunan sa a gindin matakalar wani tsohon gida, Headley Grange, aka rataye makirfo daga sama, aka samu amon 'When the Levee Breaks' na 1971, wanda mawaƙan hip-hop su ka yi ta yanka su na ɗora waƙa a kai shekaru da dama. Bugun mai sauƙi ne, yaro zai iya ƙirga shi, amma ka ba makaɗi goma su maimaita ka ji. A 'Kashmir' ta 1975 kuwa, Bonham na tafiya a kan huɗu, jita na tafiya a kan uku, sai can su haɗu, wanda shi ne ainihin saɓanin da kunnen ɗan Afrika ya saba da shi. Su ma Pink Floyd sun gina 'Money' ta 1973 a kan bakwai.

Duk da haka ba zan ce an yi kunnen doki ba. In aka ɗebo waƙoƙin rok ɗari a rediyo, mafi yawa bugu ɗaya za ka ji, kamar yadda za ka ji in ka ɗebo waƙoƙin finafinan mu na Hausa na farkon shekarun 2000 da aka haɗa da fiyanon Yamaha, inda ake latsa maɓalli inji ya riƙe kiɗan. Gwanayen tsiraru ne, sauran 'yan rakiya.

Baker da Allen sun zauna gefe da gefe a bikin jaz na Balin, a Jamus, a 1978, su ka yi kusan minti 16 su na musayar duka, an kuma saka wannan a faifan 'Live!' da aka sake fitarwa. Ba da jimawa ba Allen ya rabu da Fela saboda saɓani kan kuɗi, daga baya ya tare a Faris. A 2007 sai ga shi ya na kaɗa wa ƙungiyar Turawan Ingila, The Good, the Bad & the Queen, ta Damon Albarn. Baker ya rasu a Oktobar 2019, Allen ya bi shi a ƙarshen Afrilun 2020. Mai son ganin halin Baker ya nemi fim ɗin 'Beware of Mr. Baker' na 2012, wanda tun a farkon sa tsohon ya kai wa daraktan duka da sanda a hanci.